Sanyin Turai da zafin Yamai: me ya sa kayan gyaran mota ke isowa a lalace?



A shirinmu na makon jiya mun taɓo wata magana da muka ɗauka ƙarama ce, sai ga saƙonni suna ta shigowa har bayan mun rufe. Maganar wani matashi ce mai wankin mota a Harobanda, hayin kogi a nan Yamai. Yayansa da ke zaune a Montreal ta ƙasar Kanada ya tara masa kayan aiki: sabulun ruwa na wankin mota, da man goge fenti wanda ake ce wa folish, da man ƙyallin taya, da gwangwanayen feshi na goge cikin mota. Ya cusa su cikin wata mota da aka loda a kwantena a watan Janairu. Kayan ba su iso hannun ƙanen ba sai a Afrilu. Da aka buɗe kwalaye, wasu robobin sun tsage sun tsiyaye, folish ya rabu gida biyu, ruwa a sama gudaji a ƙasa, wani gwangwani kuma ya kumbura kamar zai fashe.

Ƙanen ya zaci jabu aka sayo masa, ko kwantan da ya daɗe a kanti. Yayan ya rantse sabbi fil ya saya, sai dai in a hanya aka musanya. Daga nan zargi ya koma kan tiranzite, wato mai fitar da kaya daga duwan, sannan ya koma kan direban babbar mota. Saura ƙiris zumunci ya ɓaci a kan kwali uku.

To, mun ga ya kamata mu zauna mu yi bayanin abin da ke faruwa da irin waɗannan kaya a hanya. A mafi yawan lokuta babu wanda ya ci amanar wani. Sanyi ne ke fara ɓarnar tun daga can, zafinmu kuma ya ƙarasa.

Sanyin can ba irin namu ba ne

Mu a nan idan an ce hunturu, abin da muka sani shi ne hazo da ƙura da tsagewar leɓe da faso. A Yamai, daren Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 15 ko 16 a ma'aunin Salsiyos, kuma a hakan ma sai kowa ya nemi bargo da wuta. Sai an nausa arewa, can duwatsun Ayar da wajen Bilma, ake samun daren da sanyi ke kusantar sifili.

A ƙasashen da ƴan'uwanmu ke zaune kuwa lamarin daban ne. Ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara a digiri sifili. A Montreal, matsakaicin yanayin Janairu yana wajen digiri 10 ƙasa da sifili, kuma akwai dararen da yake wuce 20 ƙasa da sifili. A New York ma daren Janairu yakan faɗa ƙasa da sifili. Anvers ta Beljiyam da Hamburg ta Jamus, inda motocin hannu da yawa ke tasowa zuwa Afirka ta Yamma, sanyinsu bai kai na Kanada ba, amma su ma suna samun kwanakin da ruwa ke daskarewa a waje.

Kwantena kuma akwatin ƙarfe ne kawai. Ba shi da abin ɗumama ciki, ba shi da abin tare sanyi. Kafin jirgi ya tashi, kaya sukan yi kwanaki a gareji, ko a filin masu lodi, ko a bakin tashar jiragen ruwa suna jiran layi. A wannan zaman jiran ne ake yin ɓarnar farko, tun jirgi bai motsa ba.

Abin da ƙanƙara ke yi wa kwalba

Duk mai sayar da ƙanƙara ko lemo a unguwa ya san wannan. Ka cika kwalbar gilashi da ruwa ka manta da ita a injin daskarewa, da safe za ka tarar ta fashe. Dalili shi ne ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Yawancin kayan wankin mota kuwa ruwa ne ya fi yawa a cikinsu. Idan suka daskare sai su tura murfi, su tsaga roba, su fasa kan feshi. Ba a ganin ɓarnar a lokacin, domin ƙanƙara ba ta zuba. Sai jirgi ya shigo ruwan ɗumi, ƙanƙarar ta narke, sannan abin ya tsiyaye a kan kujeru da sauran kaya.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan ɓuya, domin kwalbar lafiyarta lau, abin da ke ciki ne ya mutu. Folish mai kama da madara, da man ƙyallin taya fari, da man shafa wa kujerun fata, duk haɗin mai da ruwa ne. Kowa ya san mai da ruwa ba sa haɗuwa. A masana'anta ana farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, a sa wani sinadari da zai riƙe su a warwatse cikin ruwan. Idan sanyi ya kama, ruwan ne ke fara daskarewa, sai ya matse ɗigon man wuri guda su dunƙule. Bayan ya narke ba lalle su koma yadda suke ba.

Matanmu sun fi kowa gane wannan. Kamar kunu ne idan ya tsinke, ko kindirmon da ya kwana ya saki ruwa. Wani idan aka dama ya komo, wani kuwa ko an wuni ana damawa ya riga ya tafi. Kuma abin da ya daskare ya narke sau uku ko huɗu, dare da rana, ya fi lalacewa a kan wanda ya daskare sau ɗaya.

Wanne ke farfaɗowa, wanne ne ba ya dawowa?

Ba duka kayan ne sanyi ke yi wa illa iri ɗaya ba.

Sabulun ruwa na wankin mota yakan yi kauri ko ya yi duhu-duhu, amma galibi idan ya huce aka girgiza shi yana komawa aiki. Man inji shi ma kauri kawai yake yi, kamar yadda manja ke daskarewa da hunturu ya narke da rana, babu abin da ya same shi. Tsummokan goge mota, da soso, da buroshi, da injin goge fenti, su sanyi bai dame su ba.

Waɗanda ke cikin hatsari su ne masu kama da madara ko kirim da muka ambata, da fenti mai haɗin ruwa. Fenti irin wannan idan ya daskare yakan yi gudaji, kuma ba ya gyaruwa.

Akwai kuma ƙananan kwalaben nan masu tsada da ake ce wa siramik, waɗanda ake shafa wa fenti ya yi ƙyalli kamar gilashi. Su babban abokin gabarsu laima ce. An yi su ne don su taurare idan sun haɗu da danshin iska. Idan murfi ya ɗan saki a hanya, sai ka ga ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri a bakin kwalba ko a gindinta. Wanda ya ga haka kada ya kuskura ya shafa a motar mutane, domin ƙwayoyin nan karce fenti za su yi.

Man kakin da ke zuwa a gwangwani mai faɗi kuwa, wanda ake yi da kakin ganyen wata bishiya ta ƙasar Brazil mai suna karnauba, sanyi ba ya cika yi masa komai. Zafi ne ke sassauta shi. Kamar man kaɗanya ne, idan ya narke ya sake kamawa sai ya yi tsaki-tsaki, in kuma gwangwanin a kife yake sai ya malale.

Motar ita kanta fa?

Tunda galibi cikin mota ake cusa kayan, bari mu ɗan duba ta. Batirin da yake cike da caji yana jure sanyi mai tsanani. Amma wanda ya sauka, ruwan cikinsa ya kusa zama ruwa zalla, don haka sanyin da bai wuce digiri 10 ƙasa da sifili ba ma zai iya daskarar da shi ya kumbura ko ya tsage. Motar da ta yi watanni a ajiye kafin a loda ta, sau da yawa abin da ke samun batirinta ke nan.

Sababbin motocin gazuwal na Turai suna amfani da wani ruwa mai suna AdBlue don rage hayaƙi. Haɗin sinadarin yuriya ne kashi 32.5 cikin 100 da ruwa mai tsabta. Yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, amma idan ya narke lafiyarsa lau. Shi abin da ke rage masa kwana shi ne zama a zafin da ya wuce digiri 30, wanda kuwa shi ne abincinmu na kullum. Wanda aka aiko wa bido-bido ya nemar masa inuwa, kuma kada ya tara na shekaru.

Sai ruwan lagireto mai launi, kore ko ja. Wasu makanikai sukan ce ai maganin ƙanƙara ne, mu ba mu da ƙanƙara, sai su zubar su ɗura ruwan famfo ko na rijiya. Wannan kuskure ne, jama'a. Gaskiya ne haɗin rabi da rabi yana hana daskarewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, amma wannan ruwan dai shi ne ke sa lagireto ya jure zafi kafin ya tafasa, kuma yana hana tsatsa. Mu ma muna bukatarsa.

Daga bakin teku zuwa Yamai

Nijar ba ta da teku, don haka kowane kwantena sai ya sauka a tashar wata ƙasa. Shekara da shekaru Kwatano ce babbar ƙofarmu, tafiyar kilomita sama da 1,000, a ratsa Parakou a tsallako gadar Malanville zuwa Gaya, a wuce Doso a shigo Yamai. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan gada, kaya da yawa suka koma bi ta Lome, su ratsa Togo da Burkina Faso, su biyo ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanyar ta ƙara tsawo, kuma manyan motoci sukan yi makonni a tsaye suna jiran a haɗa ayari.

Kafin nan ma akwai wata matsala a kan teku. Kayan da suka taso da sanyi idan suka shigo iska mai ɗumi da laima, sai su yi gumi, kamar kwalbar lemo da aka fito da ita daga firij. Rufin kwantena ma yana tara raɓa ya riƙa ɗiga. Kwali ya jiƙe ya yi laushi, takardar jikin kwalba ta ɓare, gwangwanin ƙarfe ya fara tsatsa.

Yanzu ku lissafa da mu. Kayan da aka loda a Janairu sukan yi makonni a teku, su yi wasu a tasha, su yi wasu a hanya. Ke nan za su iso mana a Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara. A Afrilu zafin rana a Yamai yakan kai digiri 41 ko fiye a inuwa. Cikin akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana kuwa, musamman kusa da rufi, yana iya haura digiri 60. Gwangwanin feshi kuma a jikinsa an rubuta kada ya wuce digiri 50, domin iskar da ke matse a ciki tana ƙara ƙarfi da zafi. Shi ya sa na wancan matashi ya kumbura. Allah ne ya kiyaye bai fashe ba.

Kwalba ɗaya ke nan ta ga digiri 20 ƙasa da sifili, ta kuma ga 60 sama da shi, a cikin wata uku. Ba don irin wannan tafiya aka yi ta ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, a ƴan shekarun nan azumi da ƙaramar Sallah suna faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu. Kowa na son kayansa su iso gida kafin Sallah, sai a yi lodi a tsakiyar sanyin can, su sauka a tsakiyar zafin nan.

Ga ƴan'uwa masu aikowa

Na farko, lokaci. In da hali, kayan ruwa a loda su a Satumba ko farkon Oktoba. Sanyi bai kama a can ba, kuma za su iso mana a Nuwamba ko Disamba, lokacin da gari ya yi sanyi. Lodin Mayu da Yuni ma ya kauce wa ƙanƙara, zai sauka da damina, sai dai a yi haƙuri da hanya idan ruwa ya ɓata ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, a aiko da busassun kaya: inji, tsumma, soso, buroshi.

Na biyu, a karanta jikin kwalba tun a kanti. Na Faransa da Beljiyam da Kanada sukan rubuta « craint le gel », ma'ana ba ya son daskarewa. Na Amurka da Ingilishi suke rubutawa, kuma da ma'aunin Farenhait. A riƙe wannan: 32 a nasu shi ne sifili a namu, 120 a nasu kuma ya kusa 50 a namu.

Na uku, kada a bar kayan a but ɗin mota ko a gareji mara ɗumi ana jiran ranar lodi. A ajiye su a cikin gida sai ranar ta zo. Kowace kwalba a ɗaure murfinta da salatif, a sa ta a leda ita kaɗai, a jera su a tsaye cikin bokitin roba mai murfi maimakon kwali. A sa su ƙasa-ƙasa a tsakiyar kaya, nesa da bango da rufin kwantena. Bargo da tsofaffin tufafi suna jinkirta sanyi na dare ɗaya ko biyu, amma ba za su hana shi shiga ba idan zaman ya kai mako.

Na huɗu, gwangwanin feshi da duk abin da ke kama wuta a faɗa wa mai lodi gaskiya. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, wadda hedikwatarta ke Landan, ta sa su cikin kaya masu hatsari, kuma akwai ƙa'idar ɗaukarsu. Ɓoye su a ƙarƙashin kujera na iya jawo a tsare kwantenan gaba ɗaya, da kayan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, balle a ce wuta ta tashi.

Na biyar, ɗan'uwa ya tambayi kansa ko abin ya cancanci tafiyar. Sabulu da man taya ana samunsu a kasuwannin Yamai, a Katako da Wadata da shagunan kayan mota. Sau da yawa ya fi alheri a aiko da injin da ba a samu a nan, a turo kuɗin sabulu a saya a gida. Kuma kafin a rufe bokiti a ɗauki hoto a tura wa mai karɓa ta WhatsApp. Hoton nan yana kashe zargi tun bai taso ba.

Ga masu karɓa a gida

Idan kaya sun iso, kada a buɗe gwangwanin feshi yana da zafi. A kai komai inuwa ya kwana ya huce. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a raba shi da mutane, kada a huda shi, kada a jefa shi a wutar bola.

Mai kama da madara kuwa a girgiza shi sosai na ƴan mintoci, a tsiyaya kaɗan a kofin gilashi a bar shi ya kwana. Idan da safe yana nan a haɗe sumul, an tsira. Idan ya sake rabuwa, ko ana jin tsaki-tsaki tsakanin yatsu, ya tafi. Ko wanda ya yi kyau a fara gwada shi a wurin da ido ba ya gani, kamar cikin murfin tanki ko gefen ƙofa ta ciki. Asarar kwalba ɗaya ba ta kai biyan fentin motar Alhaji ba, kuma mai wankin mota jarinsa shi ne amincewar masu kawo masa aiki.

A shago ma kada a jera kaya a ƙarƙashin rufin kwano ko a bar su cikin mota a rana. Ƙasan ɗaki mai inuwa ya fi.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi nauyi

Idan roba ta tsage, abin da muka saba shi ne mu juye abin da ya rage a gorar ruwa ko ta lemo. Don Allah, don Annabi, a daina. Ruwan lagireto yana da launi mai kyau kuma yana da ɗan zaƙi, yaro zai ɗauka lemo ne, alhali yana lalata ƙoda. Ruwan wanke gilashi shuɗi na lokacin sanyi, musamman mai zuwa daga Amurka da Kanada, galibi yana ɗauke da sinadarin metanol, wanda ke makantarwa, yana kuma kisa. Kaɗan ya isa ya yi wa ƙaramin yaro illa.

In dole sai an juye, a sa a bidon da ba na abin sha ba, a yi masa alama babba, a ɗora inda hannun yaro ba ya kai. Idan kuma tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai, kada a ce bari a ga abin da hali zai yi. Alamun sukan ɗauki awanni kafin su fito, lokacin nan gubar ta riga ta yi nisa. A ɗauke shi nan take zuwa gidan likita mafi kusa, a tafi da kwalbar don ma'aikata su ga abin da ya sha.

Shi dai matashin Harobanda, mun ji cewa sabulunsa ya farfaɗo kuma yana aiki da shi, folish ɗin ne aka zubar. Shi da yayansa sun fahimci juna, an kuma nemi afuwar tiranzite. Sun shirya cewa sauran kayan ruwa sai Satumba.

Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, a gida ko a ƙetare, ya aiko mana da saƙo mu karanta a shirin mako mai zuwa, domin wani ya ƙaru. Masu jin wannan a ƙauye kuma ku isar wa ƴaƴanku da ke can. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ƙara danƙon zumunci, ya dawo da matafiya gida lafiya.